Kifin Kasuwa Da Dokar Da Ta Yi Barci

Kwanan baya aikin zagayen makarantu ya kai mu wata makarantar kwana, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, domin abin da muka gani can ba ita kaɗai ta ke da shi ba. Muka ce a buɗe mana sito mu duba abincin yara. Ga masara, ga wake, ga man gyaɗa, kome a kintse. A can kusurwa kuma ga kwali uku na banda. Bazara ce, ƙuda ya cika madafa har ba a iya buɗe baki, amma ko ɗaya bai sauka a kan kwalayen nan ba. Mai sito ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kifi mai kyau ne, yau wata biyu ke nan ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba." Muka sunkuya muka sansana, sai ga warin fiya-fiya ya bugi hancinmu. Ashe abin da bawan Allah ya ke yabo shi ne abin tsoro. Abin da ƙuda ya ƙi, shi za a zuba a miyar 'ya'yan mutane.

Muka sa aka janye kifin. Amma da muka tambayi inda ya fito, sai magana ta watse. Ɗan kwangila ya ce a kasuwa ya saya. A hannun wa? Wani dillali. Ina takarda? Babu. Wa ya duba kayan ran da suka sauka daga mota? Babu kowa. To, a nan ne muka ga inda gizo ke saƙa. Ƙasarmu ba ta rasa doka a kan algus ba. Abin da ta rasa shi ne mutumin da zai tsaya da dokar a bakin kasuwa, da littafin da zai rubuta abin da ya gani, da alƙalin da zai yanke hukunci kowa ya ji. A kan wannan mu ke so mu yi magana da malaman makaranta, da akawunan ƙananan hukumomi waɗanda suka gaji kujerun akawunan En'e.

Bari mu fara da hanyar da kifi ke bi kafin ya iso tukunya. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau ya wuce ta Bunguɗu, can gaba kuma aka datse shi a Bakolori, wadda aka gama gininta a 1978. Masunta suna samun tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu a waɗannan ruwaye, amma abin da su ke kamawa ba ya isar jama'a. Sabo da haka banda mai yawa daga nesa ta ke zuwa, daga wajen Yawuri inda ruwan Kainji ya taru tun 1968, da kuma daga gabas wajen Tabkin Cadi. Ban da wannan ga kifin ƙanƙara na teku, wanda ke tasowa daga tashoshin jiragen ruwa na Kudu. Wanda ya biyo hanyar Funtuwa tilas ya ratsa Tsafe kafin ya shiga Gusau. Wanda ya fito daga yamma, ta Talatar Mafara, tilas ya ratsa Bunguɗu. Watau Tsafe da Bunguɗu su ne ƙofofin nan biyu na babbar hanya, Gusau kuwa ita ce rumbun da ake rarrabawa zuwa ƙauyuka.

Tafiyar nan tana da tsawo, kifi kuwa ba shi da haƙuri. Tun yana ɗanye ƙuda ke yi masa ƙwai, tsutsa ta fito. In ya bushe kuma akwai wani ɗan baƙin ƙwaro da ke shiga cikinsa ya cinye tsoka, ya bar ƙaya da fata da gari. Falke yana gani dukiyarsa tana narkewa a cikin kwali. Sai wani ya raɗa masa cewa in ya yayyafa fiya-fiya, ko ya fesa maganin ƙwarin gona, kayansa za su kai kasuwa lafiya. Wannan shi ne algus mafi muni. Akwai kuma ƙananansa, waɗanda kowace uwargida ta sani: a shafa wa tsohuwar banda mai don ta yi ƙyalli, a jera manya a sama a cusa ruɓaɓɓu da gari a ƙasa, a mai da kifin ƙanƙara da ya narke ya kwana cikin sanyi a sayar da shi a kan sabo ne. Can bakin ruwa ma akwai masu zuba guba a gulbi don kifi ya taso su kwashe. Da can ganyen magimfa ake dakawa a zuba. Daga baya aka koma ga Gamalin, maganin da aka shigo da shi don feshin gonakin koko, wanda ke kashe babba da ƙarami har da ƙwai, ya kuma bar guba a ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Ya kamata kowane malami ya san abin da waɗannan magunguna ke yi a jikin ɗan Adam, don ya iya bayyana wa almajiransa. Sinadarin da ke cikin yawancin fiya-fiya, da cikin maganin nan Sniper, sunansa daikulobos. A jikinmu akwai wani abu wanda aikinsa shi ne ya tsai da saƙon jijiya bayan saƙon ya isa inda aka aike shi. Daikulobos yakan toshe wannan abu, sai jijiyoyi su yi ta aika saƙo ba tsayawa. Alamunsa su ne dalalar miyau, da zufa, da amai, da gudawa, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, in abin ya yi yawa kuma numfashi ya sarƙe. Shi kuwa sinadarin Gamalin, watau lindan, halinsa dabam ne. Ba ya saurin barin jiki, a cikin kitse ya ke taruwa, yana kuma iya kawo farfaɗiya. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin magungunan da aka yi alkawarin daina amfani da su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm, a 2015 kuma sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya lissafa shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Mutanen Zamfara ba su bukatar a yi musu dogon wa'azi a kan gubar da ido ba ya gani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, kafin a gane cewa ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ita ce sanadi.

To, me doka ta ce? Dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta sa gurɓata abincin sayarwa da sayar da abinci mai cutarwa cikin laifuffuka. A 1974 Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Abinci da Magunguna, wadda ta hana sayar da abincin da ke ɗauke da guba ko wanda ya ruɓe. A 1992 aka yi dokar kamun kifi a koguna da tabkuna, ta hana su da guba ko nakiya. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. A 2019 hukumar nan ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da danginsa a kasuwanni da kantuna. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mahauta da wuraren sayar da abinci. Kun ji doka a kan doka. Amma muna tambayar akawunan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kowa ya buɗe kabad ɗin ofishinsa ya duba: akwai littafin da aka rubuta kwalin kifi nawa aka duba bara, nawa aka kama, wa aka kai gaban alƙali? Wanda ya sami irin wannan littafi ya aiko mana, mu buga sunan ƙaramar hukumarsa da yabo.

Kada wani ya ce duba kasuwa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malamai sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taras da jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Daga nan aikin muhtasibi ya samo tushe. Wani malamin Sham, Shaizari, wanda ya rayu a zamanin Salahuddin, ya rubuta littafi a kan hisba, ya keɓe babi guda ga masu suyar kifi. A ciki ya nuna a tilasta musu wanke kwandunansu da gishiri, a hana su gauraya kwantai da sabo, ya kuma koya wa muhtasibi ya dubi jan da ke cikin kunnen kifi don ya gane sabo. Daular Usmaniyya ta Sakkwato ma ta san wannan muƙami. A zamanin En'e kuma dattawanmu suna tuna duba-gari, wanda ke aiki da Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917, ya leƙa randa, ya shiga mahauta, ya sa a binne naman da ya lalace. Ba mu ce duba-gari waliyyi ba ne. An san wasunsu da cin hanci da muzguna wa talaka. Amma mahauci ya san ana iya zuwa a kowace safiya, wannan sanin kuwa shi kansa rabin tsaro ne.

Abin da ya faru a Ingila ya isa darasi. A 1858, a birnin Bradford, wani mai yin alewa ya aika a sayo masa farar hoda mai araha da ya saba cakuɗawa da sukari don ƙara auki. Aka yi kuskure aka ba shi gubar arsanik. Mutum kimanin 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta. Majalisa ta yi dokar hana algus a 1860, amma ta bar wa hukumomin gari zaɓi, in sun ga dama su ɗauki mai awon abinci, in ba su ga dama ba su bari. Kaɗan ne ƙwarai suka ɗauka, doka ta kwanta barci kamar tamu. Sai da aka sake gyara a 1872 da 1875 sa'an nan ta fara cizo. Dokar 1875 ta kawo wata dabara mai sauƙi wadda har gobe abin koyi ce. Ma'aikaci ya sayi abincin da kuɗi kamar kowa, ya gaya wa mai kaya cewa awo za a kai, ya raba shi kashi uku a gabansa, ya liƙe kowane kashi da hatimi. Ɗaya a bar wa mai kaya, ɗaya a kai wa mai awo, ɗaya a ajiye don kotu. Ta haka ba mai cewa an yi masa sharri, ba kuma ma'aikacin da zai musanya kaya a hanya.

Amurka kuwa ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a kan dokar tsabtar abinci da magunguna. Aka ɗora aikin a kan ofishin wani masani, Harvey Wiley, a 1907 kuma aka ɗauki masu duba kaya 28 kacal ga ƙasar nan duk faɗinta. Kayan ruwa suna cikin abin da ya fi ba su wahala. Masu gwangwanin kifi sukan cusa wanda ya soma ruɓa. Masu sayar da kawa kuma suna da wata dabara, su jiƙa ta a ruwan da ba shi da gishiri sosai a bakin kogi, ta sha ta kumbura, a sayar wa mutane ruwa da kuɗin nama, alhali ruwan nan sau da yawa ƙazantar gari ke kwarara cikinsa. A 1909 hukuma ta ce wannan algus ne. Masu sana'ar suka yi ca, aka sassauta musu. A hunturun 1924 zuwa 1925 zazzaɓin taifot da aka ɗauka daga kawa ya kama mutum kimanin 1,500 a New York da Chicago da Washington, kimanin 150 suka mutu. Mutane suka ƙaurace wa kawa, ciniki ya faɗi, har masu sana'ar da kansu suka nemi gwamnati ta riƙa duba ruwan da su ke kiwo a ciki. Ashe dubawar da suka ƙi ita ce mai tsare musu kasuwa.

Abu uku ne suka ba dokar 1906 ƙarfi, ko da ya ke tararta ba ta taka kara ta karya ba, don laifin farko na aika gurɓataccen kaya bai wuce dala 200 ba. Na fari, ana iya kama kayan kansu a kai ƙararsu kotu, alƙali ya sa a hallaka su, ko da mai su yana can wata jiha. Na biyu, kowane hukunci ana buga shi a takarda, da sunan mai kaya da laifinsa, kowa ya karanta. Ɗan kasuwa kuwa ya fi tsoron ɓacin suna bisa ga tara. Na uku, ƙaramin mai kanti yana kuɓuta in ya nuna takardar lamuni da babban dillali ya sa wa hannu cewa kayan lafiyayyu ne, sai laifi ya koma kan wanda ya ba shi. Ku duba da kyau, biyu daga cikin ukun nan aikin alƙalami ne, watau aikin akawu.

Rashin wannan alƙalami ya riga ya ja mana hasara a idon duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin sun auna sun sami daikulobos fiye da ƙima. A 2018 Amurka ta dakatar da karɓar tarwaɗa da danginta daga ƙasar nan, domin ba a cika mata takardun da ke nuna yadda mu ke duba kifinmu ba. Su sun auna, sun mayar. Wanda ba a auna ba yana nan a kasuwanninmu, mu ne masu ci.

Mun san abin da za a ce. Za a ce falke talaka ne, in an hana shi magani ƙwaro ya cinye jarinsa. Za a ce rashin tsaro ya addabi hanyoyin Zamfara a shekarun nan, mota takan yi jinkiri, masunta da yawa ba su iya zuwa bakin ruwa, wa ke ta kifi ana ta rai? Za a kuma ce banda ita ce naman mai ƙaramin ƙarfi, in an matsa ta yi tsada. Duk mun yarda akwai gaskiya a ciki. Amma fa wanda ke sayen gutsattsarin banda na ƙasan kwali shi ne talakan da ya fi falke talauci, da 'yan gudun hijira da suka taru a garuruwan nan, waɗanda ba su da kuɗin asibiti. Kuma ba a ce a bar kifi ga ƙwaro ba. Gishiri yana korar ƙuda. Shanya a kan ragar waya sama da ƙasa, da sake bandar kifi lokaci lokaci, suna rage ɓarna ƙwarai. A Ghana tun 1969 aka ƙago murhun Chorkor mai faifai hawa hawa, wanda da laka da katako da waya ake yinsa, yana cin itace kaɗan. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa ma ta daɗe tana aiki a kan murhun banda. Hani ba tare da nuna mafita ba zalunci ne, amma mafita tana nan.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. Na ɗaya, ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu kowace ta buɗe littafi guda a inda ake sauke kifi, a rubuta ranar zuwa, da lambar mota, da garin da kaya suka fito, da sunan dillalin da ya karɓa. Akawun da ke yanka rasit na kuɗin rumfa ya isa wannan aiki. Na biyu, ma'aikacin tsabta ya riƙa zuwa ba sanarwa, tare da Sarkin Kasuwa da shugaban masu kifi, in ya yi shakka ya sayi samfuri ya raba uku a gaban shaidu, a aika ɗakin awo na NAFDAC a Kaduna. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da masana kimiyya da ya kamata a jawo su cikin aikin. Na uku, kada a fara da yarinya mai talla ko tsohuwa mai faranti. A bi takarda har a kai ga wanda ya yi feshin, in babu takarda dillalin da ya sauke kaya shi ke da amsa. Na huɗu, duk hukuncin da aka yanke a karanta shi a rediyo, a manna shi a ƙofar kasuwa. Na biyar, masu martaba Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu su tara Sarakunan Ruwa na ƙasarsu su ja musu kunne a kan zuba guba a gulbi, gama masunci yana jin maganar Sarkin Ruwa fiye da ta takarda.

Ku kuwa malamai, naku ya fi na kowa sauƙi, ya kuma fi daɗewa. Duk makarantar kwana ta ƙi karɓar kifin da ba a san dillalinsa ba, shugaban makaranta ya sansana da hancinsa kafin ya sa hannu. A darasin kiwon lafiya a kawo kifi cikin aji, a nuna wa yara jan kunne da tsabtar ido na sabo, a koya musu shakkar bandar da ke warin magani ko wadda ƙuda ke gudu. A gaya musu wankewa da ruwan zafi ba ta tabbatar da fitar guba. In kuma wani ya ci ya soma alamun da muka lissafa, a bar ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abincin. Kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin abin da su ke koya wa ɗalibansu, domin malami guda yana isar da magana gida ɗari.

Doka ta yi shekara fiye da 60 tana jiran mai tashe ta. Ba sabon ofis a ke bukata ba, ba kuwa motoci. Littafi ne, da alƙalami, da ma'aikacin da ba a saye da kifi biyu. Muna sa ido mu ga wace ce cikin ƙananan hukumomin nan uku za ta riga 'yan'uwanta buɗe littafin. Allah ya tsare mu da cin abin da zai cuce mu, ya ba shugabanninmu ikon tsai da gaskiya a kasuwa, amin.